Ba Kowane Tsaki ne Tsanani Ba

Akwai wata koyarwa da ta shigo cikin ikilisiyoyin ƙasar Hausa ta Nijar ba tare da ta bi ta makarantar Littafi Mai Tsarki ko ta bakin dattawa ba. A gindin itace take yawo bayan an tashi sujada, cikin hirar samari da saƙonnin da ake aika wa juna ta salula, wani lokaci ma takan hau mumbari ta tsaya bayan mai wa'azi. Abin da take cewa shi ne, zamanin haƙuri ya wuce. Wai iyaye sun yi shekara da shekaru suna sunkuyar da kai, ba abin da suka samu sai raini, saboda haka wanda ya yi wa Kirista tsaki ɗaya a mayar masa da biyu, domin ya san Kirista ba tabarma ba ne da kowa zai taka. Masu wannan magana suna da kalma guda wadda suke rufe kome da ita, wato tsanani. In mai tumatir ya ɗaga murya a kan dala biyar, tsanani ne. In karen mota ya jefar da kaya a ƙasa, tsanani ne. In majo ya bar mutum a kan benci tun safe har azahar bai rubuta masa takardar magani ba, wannan ma tsanani ne.

Wannan koyarwa ƙarya ce, ƙarya kuwa mai daɗin ji, shi ya sa take saurin kamawa. Tana ba mai zafin rai suna mai kyau. Jiya mafaɗaci ake ce masa a unguwa, yau ya zama mai tsaron bangaskiya, alhali kuwa halinsa bai sake ko kaɗan ba.

Bari mai karatu ya fara da lissafi irin na 'yan aji uku. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kirista a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ke nan in mai bi ya fita daga gidansa a Maraɗi, ko Tasawa, ko Birnin Ƙonni, kusan duk wanda zai gamu da shi Musulmi ne. Wanda ya taka masa ƙafa a tasha Musulmi ne, haka kuma wanda ya matsa ya ba shi wurin zama. Wanda ya tauye masa mudu Musulmi ne, haka kuma wanda ya biyo shi da gudu ya miƙa masa canjin da ya manta. To, don me ake tuna addinin na fari, a manta da addinin na biyu? Ɗan kamashon da ya yi wa dattijon ikilisiya baƙar magana da hantsi, tun asuba ya riga ya zagi mutum goma, har da alhazai a cikinsu. Bai tambayi kowa inda yake sujada ba. Bakinsa ne haka, ga rana, ga ƙura, ga mota ta ƙi cika. Wanda ya koma gida ya ce an wulakanta shi saboda sunan Almasihu ya ba da shaidar zur a kan maƙwabcinsa, doka ta tara kuwa ba ta ware maƙwabcin da ba ya zuwa majami'a ba.

A duba abin da ke faruwa a bakin famfo. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram, musamman a watannin Afrilu da Mayu sa'ad da zafi kan wuce digiri 40. Wata mace daga cikin zumuntar mata ta jera jarkokinta tun kafin gari ya waye. Da ruwa ya zo sai ga wata ta ture su gefe ta kafa nata, ta ce ai tun daren jiya ta ajiye dutse a wurin. "Ke, ɗauke tarkacenki, ba ki san da mutane a gabanki ba?" Ita kuwa ta majami'a ba ta tsaya tambaya ba, ta watsa mata yatsu biyar, ta ambaci uwarta, ta tono wani abin kunya na gidansu ta baza a gaban yara. Ran Lahadi sai ta miƙe ta ba da shaida cewa an tsananta mata, amma Ubangiji ya ba ta baki. 'Yan'uwa mata kuma suka amsa da amin. Ba wanda ya ce mata waccan matar ma tana da 'ya'ya masu ƙishi da tukunya a kan murhu, tsoronta kuwa kada ruwa ya ɗauke kafin layi ya kai kanta. Ba wanda ya tuna mata da Musa. Shi ma a kan ruwa jama'a suka dame shi a Meriba, kamar yadda Littafin Ƙidaya sura 20 ya nuna. An umarce shi ya yi wa dutse magana, sai ya juya ya gasa wa jama'a magana, ya bugi dutsen sau biyu. Ruwa ya fito, mutane da dabbobi suka sha. Amma Musa bai taka ƙasar alkawari ba. Wannan kuwa shi ne mutumin da Littafi ya shaida ya fi kowa tawali'u a zamaninsa.

Dalilan ɓacin rai suna da yawa, ba mai musu. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, aka rufe iyaka, kaya suka yi tsada, ba a janye takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. A cikin watannin nan mutane sun kwana cikin zafi, sun tashi da baƙin rai, mai shago da mai saye kowa a wuya yake. Sai dai wahalar ba ta zaɓi gidan Kirista ta tsallake na Musulmi ba.

Tsanani na gaskiya yana nan, ikilisiyar Nijar kuwa ta san kamanninsa. Ta gan shi a Maraɗi a Nuwamban 2000. Ta gan shi a Damagaram ran 16 ga Janairu 2015, da Yamai washegari, sa'ad da taron mutanen da suka fusata saboda zanen wata jarida ta Faransa suka cinna wa majami'u wuta, ko da yake ba Kiristan Nijar ko ɗaya da ya riƙe alƙalamin da aka yi zanen. Hukuma ta ƙirga majami'u 45 a Yamai kaɗai, har da makaranta da gidan marayu, mutum 10 kuma suka rasa rayukansu a biranen biyu. A Damagaram ɗaruruwan masu bi suka nemi mafaka a barikin soja. Waɗannan su ne suke da ikon amfani da kalmar nan. Me kuwa suka yi? Shugabanninsu suka fito fili suka ce sun gafarta, jama'a suka share toka suka yi sujada a ƙarƙashin rumfa. An kuma ji labarin maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye Kirista, suka tsaya a bakin zaure suka hana a shiga. Irin wannan maƙwabtaka ba a rana ɗaya ake gina ta ba. Da gaisuwar safe ake gina ta, da zuwa suna da ta'aziyya, da maganar da aka haɗiye a bakin famfo shekara goma da suka wuce. Saurayin da yake koya wa 'yan'uwansa su rama kowane tsaki yana rushe katangar da wata rana shi kansa zai nemi fakewa a bayanta. Kuma abin kunya ne a ce mutumin da aka ƙone masa ɗakin sujada ya iya yafewa, amma wanda aka ture wa jarka ya kasa.

Manzo Bitrus ya riga ya raba wannan gardama a wasiƙarsa ta fari. Ya bambanta wanda ya sha wuya saboda aikin kirki da wanda ya sha ta saboda laifin kansa, ya ce na biyun ba shi da abin yabo. A cikin jerin masu laifin da ya lissafta a sura 4, tare da mai kisa da ɓarawo, har da mai shisshigi cikin al'amuran mutane. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Mai bin da aka san shi da tsiwa a kasuwa, in 'yan kasuwa suka juya masa baya, kada ya ɗora wa gicciye.

Masu sabuwar koyarwar za su ce, to, ai shiru tsoro ne, namiji ba ya barin a zage shi. Littafin Mahukunta yana da amsa, gama a cikinsa kabila guda ta yi wa shugabanni biyu rashin kunya iri ɗaya. A sura 8, Gidiyon yana cikin korar Madayanawa da mutanensa 300, ga gajiya ga yunwa, sai mutanen Ifraimu suka tare shi da faɗa mai zafi, wai don me bai kira su tun farko ba. Gidiyon yana da amsar da za ta rufe musu baki, domin shekara bakwai Madayanawa suna cinye amfanin ƙasar, Ifraimu ba su motsa ba. Amma bai faɗe ta ba. Ya tuna musu su ne suka kama shugabannin abokan gaba biyu, Oreb da Ziyib, ya ce aikinsa bai kai nasu ba. Nan take fushinsu ya huce, shi kuwa ya haye Urdun ya ci gaba da abin da ke gabansa. A sura 12 Ifraimawan nan suka zo wa Yefta da ƙorafi irin na dā, har da barazanar ƙone shi a cikin gidansa. Yefta ma yana da gaskiya. Ya faɗe ta tsirara, ya tara mayaƙansa, aka tsare mashigan Urdun, aka riƙa gane mutum ta wurin lafazin kalma ɗaya ana kashe shi. Mutum 42,000 suka mutu, dukansu 'ya'yan Isra'ila. Wa zai ce Gidiyon matsoraci ne? Mutumin da ya shiga sansanin dubbai da tulu da ƙaho bai ji tsoron 'yan Ifraimu ba. Ya dai san yaƙin da aka aike shi, ya ƙi tsayawa ya yi wanda ba a aike shi ba.

Ƙasar nan ma tana da nata mashigin Urdun. Mutanen yankin Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a 1991 rigimar gona da dabbobi tsakanin manoma da makiyaya ta ƙare da kisan mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Wanda ya san wannan ba zai yi wasa da koyarwar da ke cewa a rama a ƙara ba. Hausawa sun ce ba a rama gayya da fushi.

Sai kuma wata hujja da ake yawan ji: "Ni haka Allah ya yi ni, in raina ya ɓaci ba na gani." Gaskiya ne fushi yakan sa zuciya ta yi ta bugawa, jini ya hau, murya ta yi rawa. Amma a lura da mutumin nan a shingen jandarma. An tsayar da mota, an ce kowa ya sauko, an karɓi takardarsa an jefa masa ita a ƙasa. Sai ka ga ya durƙusa ya ɗauka, yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Ashe yana gani. Makantar takan zo ne kawai sa'ad da wanda ke gabansa yaron shago ne, ko almajiri, ko matarsa. Fushin da ke zaɓen wanda ya fi ƙarfi kafin ya sauka ba jaruntaka ba ne.

Al'adar ƙasar ma tana ƙaryata shi. Tun kafin bishara ta iso Damagaram a 1924, kakanni sun kafa wasan taubasai tsakanin kabilu: Ba'are da Bafillace, Bafillace da Babarbare, Bazabarme da Buzu, Bagobiri da Bazabarme. Ba'are ya gamu da Bafillacen da bai taɓa gani ba, ya ce masa bawansa, ya ce masa ɓarawon fura, shi kuma ya mayar masa da wadda ta fi, sai a kwashe da dariya a sha hannu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon 'yan Adam. Kalmar da za ta sa a zare wuƙa a bakin wani, ita ce ke kawo dariya a bakin taubashi. Ke nan rabin dafin zagi a kunnen mai ji yake, mai ji kuwa yana da iko a kan kunnensa. In Ba'are ya iya wannan saboda alkawarin kakanni, yaya mai bi zai ce ya gagare shi, shi da yake cewa Ruhu na zaune a cikinsa?

Kada dai a ɗauka haƙuri shi ne a rufe baki a bar hakki ya salwanta. A nan ne iyaye na dā suka bar ƙofa a buɗe, gama wasunsu sun koya wa yara cewa Kirista ba ya ƙorafi sam, yaran kuwa da suka girma suka gaji da wannan, suka yi tsalle zuwa ɗaya gefen. Ubangiji Yesu bai koyar da haka ba. Da wani dogari ya mare shi a gaban Hanana, kamar yadda Yahaya sura 18 ya ba da labari, bai rama ba, bai kuwa yi shiru ba. Ya nemi mutumin ya nuna laifin da ke cikin maganarsa, in kuwa babu, ya faɗi dalilin marin. A Filibi aka yi wa Bulus da Sila dūka a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, aka kulle su. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita, ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo, suka ba da haƙuri. Bai ambaci uwar kowa ba, ya kuwa sami abin da mai zagi ba ya samu.

Haka mai bi zai yi a gidan likita, ko a ofishin da aka riƙe masa takarda. Ya fara da gaisuwa cikakkiya, ko da ba a amsa ba. Ya kira mutum da sunan girma, Baba, ko Inna, ko Malam, ko Hajiya, gama da wuya mutum ya ci gaba da zagin wanda ke ce masa Baba. Ya sassauta murya daidai lokacin da ɗayan ya ɗaga tasa. "Inna, ni ma tun asuba nake nan. Ki cika biyu, in cika biyu, ruwan ya ishe mu." Magana ce da ba ta bar hakki ba, ba ta kuma tsinka kowa a gaban mutane ba. Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu zafin kai ba su gane ba: mutumin da aka kunyata a tsakiyar kasuwa ba shi da hanyar komawa baya, dole ya ci gaba ko da ya san ba shi da gaskiya. Shi ya sa Matiyu sura 18 ya sa a fara samun mutum shi kaɗai, sa'an nan a nemi shaidu. In abin ya faskara, akwai mai unguwa, akwai dattawa, akwai shugaban ma'aikata, akwai alƙali. Ba ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi da aka hana Kirista bugawa.

Akwai kuma wani haƙurin jabu wanda ya kamata a tona, domin ya fi ramuwar baki ɓarna. Shi ne na mutumin da ke murmushi a waje, yana ajiya a ciki. Dawuda kansa bai tsira daga wannan ba. Sa'ad da yake gudu daga Absalom, Shimai ya bi gefen tudu a Bahurim yana zaginsa, yana jifansa da duwatsu, yana watsa ƙura. Abishai ya nemi izini ya sare masa kai, Dawuda ya hana. Masu wa'azi suna son wannan wuri, ya kuwa cancanta. Amma ba su cika buɗe 1 Sarakuna sura 2 ba, inda tsohon sarki, yana bakin mutuwa, ya tuna wa Sulemanu zagin nan, ya bar masa wasiyya a kan Shimai. Shekaru sun shuɗe, maganar tana nan ɗanya a cikinsa. Irin wannan haƙuri yana da yawa a majami'u. Magidanci ya sha baƙar magana a wurin aiki ya ce ba kome, mutane suna yabonsa, wai ba a taɓa jin bakinsa ba. Da ya shiga gida, tuwo ya yi sanyi kaɗan, sai kwano ya tashi sama. Yara sun san ƙarar takalminsa, da sun ji sai kowa ya nemi lungu. Bashin da shugabansa ya ci, matarsa ce ke biya.

Majami'a kuwa ita kanta ba ta da bakin yi wa kasuwa wa'azi a kan wannan sai ta duba cikin gida. Zo mu zauna, zo mu saɓa, gaskiya ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma akwai mata biyu a ƙungiyar mawaƙa da suka shekara uku ba su gaisa ba saboda wurin tsayawa a layin gaba. Akwai habaicin da ake sakawa cikin addu'a, a rufe ido a roƙi Ubangiji ya shirya "waɗansu" masu cin kuɗin baiko, kowa kuwa ya san da wanda ake. Akwai taron majalisar ikilisiya da ake tashi baram-baram a kan wanda zai riƙe mabuɗin ɗakin ajiya, har wani ya kwashe iyalinsa da benci biyu ya je ya buɗe tasa majami'ar a ƙarshen unguwa. A duk waɗannan ba ɗan kamasho, ba majo, ba mai tumatir, ba kuwa Musulmi ko ɗaya da za a ɗora wa laifi. Maƙwabta suna jin hayaniyar ta kan katanga, washegari kuma a aiki matasa su kai musu takardar gayyata zuwa taron bishara.